Sanarwa: Kallon Gasar Tsallen Sama ta Mata Ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ranar Asabar bayan la'asar za mu haɗu a filin atisaye mu kalli bidiyon wasan ƙarshe na tsallen sama na mata a gasar duniya ta Tokiyo ta 2025. Iyaye, don Allah a bar ƴan matanmu su zo da wuri.

Ruwan sama ya yi ta katse wasan, amma Nicola Olyslagers ƴar Ostareliya ta tsallake mita 2.00 ta ɗauki zinare. Maria Żodzik ƴar Folan ma ta haye mita 2.00, sai dai da aka ƙirga sau nawa kowacce ta kayar da sandar da ake tsallakewa, sai ta tashi da azurfa. Nan nake so yaranmu su lura sosai: kowane yunƙuri yana da daraja, kuma faɗuwa uku a jere, an fita ke nan. Ku duba yadda Olyslagers ke komawa gefe bayan kowane tsalle tana rubutu a littafinta.

Yaroslava Mahuchikh ƴar Yukiren, wadda ta kafa tarihin duniya da mita 2.10 a Faris a 2024, tagulla ta samu.

Kowa ta zo da takalmin gudu, za mu ɗan gwada bayan kallo.