Ina rahotannin kwamitocin baya suka kwana?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na daren Talata kan hatsarin kwalekwale har ƙarshe, kuma wallahi raina ya ɓaci. Kun zaunar da baƙo yana ta maimaita "za a kafa kwamiti, za a gano musabbabin hatsarin", mai gabatarwa kuma sai "to, madalla" yake yi. Ko sau ɗaya bai tambaye shi ina rahotannin kwamitocin baya suka kwana ba.

Mu nan ƙasar Daura ba mu manta ba. A ƙaramar Sallar 2022 kwalekwale ya kife a Mai'adua da masu yawon Sallah, yawancinsu yara. Kafin nan, a 2021, ɗaliban Islamiyya ne suka nutse a dam ɗin Watari da ke Bagwai, a hanyarsu ta zuwa Mauludi. A 2023 'yan biki sama da 100 ruwa ya ci a Patigi ta jihar Kwara. A cikin waɗannan duka, wanne rahoto kuka taɓa ɗaukowa kuka karanta mana?

Ni ban ga abin da yake ɓoye ba balle a ce sai an yi wata da watanni ana nema. Bara da damina na shiga irin jirgin nan zan je gaida 'yar'uwata. Katakon ya tsufa, an toshe tsagarsa da tsumma da kwalta, ga wani yaro a tsakiya yana ta kwarfe ruwa da yankakken galan. An ɗora babura, an ɗora buhunan gero, sannan aka cusa mu, mata da goyo a baya. Tsakanin bakin jirgi da ruwa bai wuce faɗin tafin hannu ba. Rigar kariya kuwa ko ta nuni babu. Na ce wa mai jirgin, "Malam, anya ba mu yi yawa ba?" Ya ce, "Alhaji, in kana jin tsoro ka sauka, kullum haka muke haye shi." Mutane suka yi dariya.

Sannan baƙonku ya rufe da cewa ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, amma ai an ce mu ɗaure raƙumi tukuna sannan mu yi tawakkali. Lodin wuce kima da tafiyar dare ba daga sama suka faɗo ba.

Tun 2022 doka ta ba hukumar NSIB hurumin binciken hatsarin jiragen ruwa, ga kuma NIWA mai kula da hanyoyin ruwa. Ku gayyato su, ku sa su faɗa mana da bakinsu wa aka hukunta, me aka gyara. In sun ƙi zuwa ku sanar da mu sun ƙi.

Af, kuma don Allah ku rage tallan masu maganin gargajiyar nan. Ana tsakiyar maganar yaran da suka rasu aka yanke aka sako mai maganin basir yana ihu. Wannan bai dace ba ko kaɗan.

Naku mai sauraro,
daga Daura