Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Yaɗa Labarai: wa ya ƙirga gawarwakin?

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na daɗe ina aikin tace labarai, kuma ba takardar da na saba da ita kamar sanarwar rundunar soja da ke isowa dab da lokacin labarai: an hallaka abokan gaba kaza, an ƙwace makamai kaza. Mai karantawa ya riga ya zauna gaban makirfo, lokaci ya ƙure, sai mu soke "in ji rundunar" don a rage tsawon jimla. Kafin gari ya waye, iƙirari ya zama gaskiya a bakin kowa. Ni ma na soke, ba sau ɗaya ba, shi ya sa ban zo maka da hannu mai tsabta ba.

Abin da ba mu tambaya shi ne, wa ya ƙirga? Matuƙin da ya saki bam ya juya, ko kwamandan da ƙarin girmansa ya rataya a kan adadin?

Wani lokaci ma ba ƙarya ba ce, ruɗanin yaƙi ne. Ranar 15 ga Satumba 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Birtaniya ta ce ta kakkaɓo jiragen Jamus 185. Bayan yaƙi aka duba takardun Jamus, ashe wajen 60 ne. Matuƙa biyu ko uku kan harbi jirgi guda, kowa ya rubuta nasa ne.

Na yaƙin Vietnam ne ya fi tayar da hankali. Da yake ba yaƙin cin gari ba ne, sai Amurka, a zamanin sakataren tsaro Robert McNamara, ta mai da ƙidayar gawa ma'aunin nasara. Gawa kuwa ba ta musu. Ranar 16 ga Maris 1968 sanarwar soja ta ce an kashe abokan gaba 128 a yankin My Lai, jaridu suka buga. Waɗanda aka kashe ƙauyawa ne, galibi mata da yara da tsofaffi. Binciken sojan Amurka da kansa ya ce 347, Vietnam ta ce 504. Sai a Nuwamba 1969 ɗan jarida Seymour Hersh ya tona asirin. A wani farmakin sojan Amurka a Vietnam mai suna Speedy Express kuma an ba da lissafin gawarwaki 10,899, amma makaman da aka tsinta 748 ne kacal. Mai ilimin lissafin firamare ma zai ce, to sauran da me suke yaƙi?

Kada a ce tsohon zance ne. A Agusta 2021 jirgi maras matuƙi na Amurka ya buga wata mota a Kabul, aka ce ɗan ta'adda aka kashe. Fararen hula goma ne, bakwai yara. Sai da 'yan jarida suka je gidan da abin ya faru, suka bi bidiyon kyamarorin tsaro, sannan aka amsa kuskure.

Ranka ya daɗe, na san ba kai ke harbi ba, ba kuma kai ke ƙirga ba. Amma kafafen gwamnati a hannunka suke. Ka umarce su kada su sake karanta adadi ba tare da sun faɗi wanda ya bayar da shi ba, da ko an ga gawarwakin ko kiyasi aka yi daga sama. In adadi ya tashi ƙarya, a gyara shi a babban labari, ba a ƙarshen shiri bayan wasanni ba. Wakilin da ya nemi zuwa wurin ya gani da idonsa, a ba shi hanya, a daina kiransa mai karya gwiwar soja.

Kuma ranar da aka faɗi na abokan gaba, a faɗi namu. Matan sojoji suna sauraron labaran nan, suna kuma ganin waɗanda ba su dawo ba.

Naka,
Wani editan labarai