Amsa ga Baba Alhaji: laifin ba na ƙwallo ba ne

Assalamu alaikum, Baba Alhaji. Allah ya ƙara girma da lafiya, ya bar mana kai.

Ranar da aka rufe gasar hutu ta unguwanni, bayan ƙura ta lafa an miƙa kofi, ka karɓi lasifika ka jefo mini tambaya a gaban jama'a. Ka ce jikanka ya nuna maka wasan zari-ruga, wato rugby, a waya, ka ga ƙatti masu wuya kamar na bijimi, jini na zuba a goshinsu, amma da alƙali ɗan firit ya busa usur sai su tsaya cak su ja da baya. To me ya sa namu 'yan ƙwallon ƙafa, waɗanda ko iska ta taɓa su sai sun faɗi suna birgima, su ne ke rufar wa alƙali kamar an taɓa gidan rina? Ka rufe da cewa in ƙwallon ƙafa ce ke cinye tarbiyyar yara, gara ka janye hannunka, kuɗin riguna da na kofi ka kai su wani wuri.

A ranar ban iya amsawa ba. Ka ga halin da nake ciki, ni na busa wasan, aljihun rigata a yage, muryata ta dushe. Tunda a bainar jama'a ka tambaya, a bainar jama'a zan amsa, kuma ina roƙon ka yi mini haƙuri, domin akwai maganar da za ta yi ɗaci.

Abin da ka gani a wayar jikanka gaskiya ne. A zari-ruga mutum goma sha biyar ne kowane ɓangare, suna gwabzawa minti 80, kuma al'adarsu kyaftin ne ke magana da alƙali. A manyan wasanni alƙalin yana ɗauke da makirfo a ƙirji, duk abin da aka faɗa masa duniya na ji. Amma abin da ke riƙe bakinsu, Baba, shi ne farashin musu. In alƙali ya busa maka laifi ka tanka masa, ba ya tsayawa cacar baki. Sai ya ɗaga hannu ya yi taku, ya matsar da bugun mita goma zuwa gidanku. Bugun da yake nesa ya dawo kusa, ya zama maki uku a hannun abokan gaba. A watan Oktoba na 2023, a wasan kusa da na ƙarshe na gasar duniya a Faransa, kyaftin ɗin Ingila da kansa, Owen Farrell, ya yi wa alƙali musu aka matsar da bugun mita goma, Afirka ta Kudu ta ci maki uku da shi. An tashi wasan 16 da 15. Maki ɗaya tal ya fitar da Ingila. Duk yaron da ya ga haka ba ya bukatar wa'azi, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Kuma tun kafin koci ya yi magana, abokan wasanka da suka sha wuya suka kawo ƙwallon nan su ne za su toshe maka baki.

Haka katin gargaɗi. A wajensu mai ruwan ɗorawa yana nufin ka fita ka zauna minti goma, 'yan uwanka goma sha huɗu su yi ta jan kayan mutum goma sha biyar. A wajenmu fa? Yaro ya ɗura mini ashar, na ɗaga masa kati, na rubuta lambarsa a takarda, ya juya ya ci gaba da wasansa yana murmushi. Bai rasa komai ba a wannan yammacin. Ya ma yi riba, domin ya san alƙali mutum ne. In mutum takwas suka kewaye ka suna ihu sau uku, a karo na huɗu usur ɗin zai yi maka nauyi a baki, ko ka ƙi ko ka so. Na shekara fiye da ashirin ina busawa daga filayen makaranta zuwa na unguwanni a nan Garwa ta Kamaru, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce hakan bai taɓa faruwa da ni ba. Ga shi ƙwallon ƙafa wasa ne da ci ke da tsada, ana iya yini a tashi ɗaya da nema, saboda haka fenareti guda ta isa ta raba gardama. Wanda ya faɗi da gangan a gaban raga yana iya kai wa ƙungiyarsa kofi. Ɗan zari-ruga kuwa in ya kwanta yana kururuwa, wasa zai bi ta kansa ya wuce. Kowa abin da ke biyan shi yake koya.

Akwai kuma tsoron karaya. Lokacin da mutum takwas suka sunkuya suka haɗa kafaɗa da wasu takwas, kawuna a sarƙe, ba wanda ke turawa sai alƙali ya ba da umarni, domin kuskure kaɗan wuyan mutum ne zai tafi. A irin wannan wasa alƙali shi ne tsakaninka da keken guragu, dole ka saurare shi. Kai ka fi ni sanin wannan, kai da ka ga damben da. Ɗan dambe da hannu naɗe, ya sha naushi har ƙasa, amma da an shiga tsakani sai ya sauke hannu. Ka taɓa ganin ya juya ya naushi mai rabo? Mahauta da 'yan kokawa ba su je Ingila koyon ladabi ba. Inda duka na gaske ne, doka ma ta gaske ce.

Sai dai kada mu ɗauke su waliyyai, hangen Dala ba shiga birni ba ne. A 2009 wata ƙungiyar Landan mai suna Harlequins ta sa ɗan wasanta ya tauna ƙullin jinin ƙarya a baki don a samu damar canji, asiri ya tonu, aka dakatar da shugaban horarwarsu shekara uku. A 2021 Rassie Erasmus, daraktan zari-ruga na Afirka ta Kudu a lokacin, ya yi bidiyo na sama da awa guda yana tsiyata alƙali, shi ma aka hukunta shi. Wayne Barnes, wanda ya busa wasan ƙarshe na 2023 da Afirka ta Kudu ta ci New Zealand 12 da 11, barazanar kisa aka riƙa aika masa. Sai a 1995 aka halatta biyan 'yan zari-ruga albashi, kuma tun da kuɗi suka shiga, halin da muka sani ya fara leƙowa. Zuciyar ɗan Adam ɗaya ce a can da nan. Sun dai gina mata shinge mai tsayi a cikin fili, suna kuma gyara shi duk inda ya ɓalle.

Mu dawo gida. Har gobe in aka zauna hira a majalisa aka tuno wasan buɗe gasar duniya ta 1990, da Kamaru ta doke Ajantina ɗaya da nema a Milan, me ake ba yara labari? Ana ambaton kan da Omam-Biyik ya sa, amma inda ake tafawa ana shewa shi ne yadda Benjamin Massing ya kwashe Caniggia na Ajantina har takalmin shi Massing ɗin ya fice, aka ba shi jan kati. Mutum tara muka gama wasan nan. Yaro yana zaune a gefen tabarma yana jin abin da manya ke yaba. Sai a 2014 a Brazil muka ga inda hanyar ke kaiwa: Alex Song ya zabga wa Mandzukic gwiwar hannu a baya ba gaira ba dalili, Kuroshiya ta zuba mana huɗu, kafin a tashi Assou-Ekotto ya kai wa ɗan uwansa Moukandjo karo da ka, duniya tana kallo. A gidan kallon da nake daren nan ba wanda ya yi wa wani sallama, kowa ya sulale.

Amma ƙwallon nan dai ita ta haifi Vincent Aboubakar, ɗan garin nan, wanda ƙungiyar Coton Sport ta Garwa ta raina. A Disamba 2022 a Ƙatar ya ci Brazil a mintunan ƙarshe, murna ta ɗebe shi ya tuɓe riga alhali yana da kati ɗaya. Alƙali ya zo yana murmushi, ya ba shi hannu, sannan ya ɗaga masa kati na biyu da ja. Aboubakar ya karɓa ya fita, ko ɗaga murya bai yi ba. Arewacin nan ne kuma ya ba Afirka Issa Hayatou, wanda ya riƙe hukumar ƙwallon nahiyar daga 1988 zuwa 2017, ya ba ta Alioum ɗan Marwa da ya busa wasan ƙarshe na kofin Afirka a Alƙahira a 2019. Da ƙwallo ce ke cinye mutunci, da waɗannan ba su kai inda suka kai ba.

Yanzu ga maganar mai ɗaci. Yaron da ya yaga mini aljihu ran nan ɗalibina ne. A makaranta in ya hango ni daga nesa yakan rugo ya karɓi jakar ƙwallaye, ba ya gaishe ni a tsaye. Da na busa fenaretin, na dube shi ido cikin ido, kuma wallahi da farko juyawa ya yi zai koma bayan layi. Sai ihu ya taso daga rumfar manyan baƙi. Wani mai furfura, da babbar riga, ya miƙe yana cewa an saye ni, kada su yarda, su fita daga fili. Na ga yaron ya waiga wajen rumfar, ya sake waigowa gare ni, sannan ya taho. Lokacin da ya damƙi rigata hannunsa rawa yake yi. Bayan sallar isha'i ya zo ƙofar gidana shi kaɗai ya durƙusa yana kuka, ya ce an yi musu alkawarin jaka biyar-biyar in sun ɗauki kofi, kuma an ce duk wanda ya tsaya kallo ba namiji ba ne. Shekararsa goma sha shida.

Baba, ihun nan daga inuwar da kake zaune ya fito, kujeru kaɗan tsakaninku. Na san ba ka ji daɗinsa ba, na ga ka sunkuyar da kai. Amma ba wanda ya ce wa mutumin nan zauna. Mu ne muke cacar kuɗi a kan wasan yara, mu ne muke ce wa alƙali ɓarawo tun bai sa usur a baki ba, mu ne in an dakatar da ɗan unguwarmu muke tashi da dare mu je gidan shugaban kwamiti a yi sulhu a soke hukunci. Sannan mu juyo mu ce yaran zamani ba su da kunya. Wannan ya fi yagar riga yi mini ciwo.

Masu ƙwallon ƙafa na duniya sun fara aro daga zari-ruga, kuma ba su ji kunya ba. A gasar Turai ta 2024 a Jamus an ce kyaftin kaɗai zai tunkari alƙali, duk wanda ya biyo shi ya sha kati, aka kuwa ga cincirindon ya ragu. Hukumar da ke tsara dokokin wasan ta buɗe wa masu shirya gasa ƙofa su ɗauki wannan tsari. Tun 2017 dokar ta halatta fitar da ɗan wasa na ɗan lokaci a wasannin yara da na ƙananan ƙungiyoyi, Ingila kuma ta shimfiɗa shi a ƙananan rukunanta tun 2019, minti goma ga mai yi wa alƙali rashin kunya. Wato ba sai mun jira izini daga Yawunde ba kafin mu gwada a gasar unguwa.

Ni na gwada da ɗalibaina. Na ce duk wanda ya tanka bayan usur zai je gindin dalbejiya ya zauna minti biyar, ƙungiyarsa ta yi wasa da giɓi. Makon farko gindin bishiyar nan bai huta ba. Kafin wata ya ƙare sai na ga abin da ya faranta mini rai: yaro ya buɗe baki zai yi musu, mai tsaron gidansu ya taho da gudu daga raga ya rungume shi ta baya ya janye shi. Ni ko kallonsu ban yi ba.

Saboda haka ina roƙonka, don Allah kada ka janye. Watanni uku na hutu, rana tana faɗuwa yaro ba shi da inda zai sa kansa, kai ka san abin da ke jiran shi a bakin tasha da lungunan kasuwa. Filin nan ya tsare mana yara da yawa. Abin da nake nema shi ne ka ɗora sharaɗi a kan kuɗinka, domin maganarka ce kwamiti ke ji. Kyaftin kaɗai ya yi magana da alƙali. Mai musu ya fita minti goma. Wanda ya ɗora wa alƙali hannu ya bar gasar shekarar, kuma kada a buɗe wa kowa ƙofa da dare a kan maganarsa, ko ɗan wane ne. Ƙungiyar da babbanta ya miƙe a rumfa ya zuga yara a cire mata maki. A karanta wannan da Hausa da Fulatanci da Faransanci ranar buɗe gasa, iyayen ƙungiyoyi su sa hannu a gabanka.

Yaron nan kuma ina neman alfarma a bar shi ya buga baɗi. Na ce masa hukuncinsa shi ne ya riƙe mini tuta a gefen fili duk wasannin 'yan ƙasa da shekara goma sha uku, ya ji yadda zagi ke sauka a kunnen mai hukunci, ya kuwa amsa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan zo gida da shi da takardar sharuɗɗan, in Allah ya yarda, ka duba ka gyara inda ka ga ya dace.

Allah ya ja da ranka. A gaida Hajiya da yara.

Ɗanka,
malamin motsa jiki kuma alƙalin wasa,
Garwa.