Barka da sallah daga Landan

Assalamu alaikum Inna da Baba, barkanmu da sallah, Allah ya maimaita mana.

Mu nan a cikin masallaci aka yi idi, ana sallamewa kowa ya ruga jirgin ƙasa don ba hutun sallah a ƙasar nan. Da yamma abokin aikina ya ga na yi sukuku sai ya ja ni gidan wasan kwaikwayo na Lyceum. Baba kwantar da hankalinka ba gidan gala ba ne, har da yara ake zuwa, kowa da lambar kujerarsa, wajen mutum 2,000 amma ba ture-ture.

Gidan tsoho ne sosai, a 1834 aka gina shi bayan gobara ta cinye na da, ginshiƙan ƙofar na tun lokacin ne amma sauran ginin a 1904 aka sake shi. A 1939 aka rufe za a rushe, yaƙin duniya ya ɓarke aka fasa, daga baya ya koma gidan rawa, ku gaya wa Kawu mai rediyo Bob Marley ɗinsa ya yi wasa a ciki a 1975. Sai 1996 aka gyara aka sake buɗewa, kuma tun 1999 wasa ɗaya suke yi, The Lion King, labarin ɗan zaki da ƙanin ubansa ya kashe uban ya ƙwace sarauta, rabi magana rabi waƙa, har da yaren Zulu. Mutane ne ke shigar dabbobi, raƙumin dawa mutum ne a kan dogayen sanduna hannu da ƙafa, giwa kuwa ta tsakiyar 'yan kallo ta ratso, wallahi na sha dariya na tafa.

Amma da makaɗan da ke gefe suka saki ganguna sai ƙirjina ya yi nauyi, hawan Hakimi kawai nake gani, algaita a gaba, dawakai sun sha ado, ƙura ta tashi, mata na guɗa ta kan katanga mu kuma muna bin 'yan tauri har ƙofar fada da goron sallarmu a aljihu. Nan a zaune ake jin kiɗa Inna, ba mai tashi ya taka! Wannan abu ya tsaya min a rai.

A gaida Yaya Sani da iyalinsa, da Gwaggo ta Ringim, da Liman. Hajiya Kaka kuwa a je har ɗaki a gaishe min da ita, a ce mijinta na Turai bai yi mata kishiya ba, a sayo mata goro fari daga kuɗin da na turo, kuma ya ƙafar tata? Auta ka ɗauko min bidiyon hawan gobe ka turo ta WhatsApp, kar ka yanke wajen jahi.

Naku, Habu