Karon jirage biyu a samaniyar Nairobi

Assalamu alaikum Edita,

Ka ba ni fili in yi tsokaci kan wani hatsari da har yau yake raina. Ranar 5 ga Maris, 2024, jirgin fasinja samfurin Dash 8 ya tashi daga filin Wilson a Nairobi ɗauke da mutum 44, sai ya yi karo da ƙaramin jirgin koyon tuƙi, Cessna 172, a saman gandun namun dajin birnin. Mai koyo da mai koyarwa duk sun rasu. Matuƙan babban jirgin kuwa suka yi ta maza, suka juyo da shi duk da raunin da ya samu, suka sauka a Wilson, kowa ya fito da ransa.

Fukafukin Cessna a saman kan matuƙi yake kamar rumfa. Idan jirgin ya karkata zai yi kwana, sai fukafukin ya tare wa matuƙi ganin ɓangaren da yake juyawa. Na'urar gargaɗin karo ta manyan jirage kuma ba ta ganin jirgin da ba ya aika sigina. Ina roƙon hukumomin sufurin sama, har da namu da ke da ɗalibai suna shawagi a samaniyar Zariya, su ware wa masu koyo hanyarsu daban kusa da filayen sauka.

Naka,
Mai karatu daga Zariya