Godiya ga ofishin lauyoyin haraji na masu ƙaramin ƙarfi a Bronx

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne in gode muku a bainar jama'a, ku ma'aikatan ofishin da ke tsaya wa talaka kan bashin haraji a nan Bronx, a birnin New York. Ina so 'yan'uwanmu direbobi da masu kitso da masu kai abinci gida-gida su karanta, su san kuna nan.

Ni direban tasi ne. Mai aikin kansa a Amurka babu mai cire masa haraji daga albashi, shi zai riƙa biya sau huɗu a shekara, kuma ban da harajin kuɗin shiga akwai kashi 15.3 cikin ɗari na asusun tsufa da na lafiya. A 2020 korona ta tsayar da aiki, bayanta ciwon baya ya kwantar da ni. Kuɗin haya da cefane suka cinye abin da zan biya, tara da kuɗin ruwa suka yi ta hawa, har na kai ga ina ganin ambulan ɗin IRS, wato hukumar harajin Amurka, gabana ya faɗi.

Abin da ya fi burge ni da ku shi ne ba ku yi mini daɗin baki ba. Kamfanonin da ke talla a rediyo suna cewa za su shafe wa mutum bashi, sai sun karɓi dubban daloli kafin su buɗe fayil. Ku ko sisi ba ku karɓa ba, kuma tun zaman farko lauyar da aka haɗa ni da ita ta gaya mini cewa shirin Offer in Compromise, wanda hukuma ke karɓar ƙasa da abin da take bin mutum ta yafe sauran, lissafi ne tsagwaronsa. Hukuma tana duba abin da ka mallaka, ta duba abin da ke rage maka a wata bayan haya da abinci da magani, ta ninka ragowar sau 12 idan a dunƙule za ka biya. Idan jimillar ba ta kai bashin ba, to akwai magana. Idan ta kai, babu.

Da muka zo cike fom 433-A, na bayyana samu da kadara, baiwar Allah nan ta tambaye ni ko ina da wata kadara a wajen Amurka. Ina da ɗan fili na gado a Maraɗi. Ta ce a rubuta shi, domin sa hannu a wannan takarda rantsuwa ce. Ta kuma faɗa mini ƙiri-ƙiri cewa kuɗin da nake aika wa mahaifiyata da wuya hukuma ta sa shi cikin larurar dole. Maganar ta yi mini nauyi, don a wurinmu babu larurar da ta kai ta uwa. Amma ta faɗe ta da ladabi, ta tsaya har tafinta ya gama fassara mini, ba ta nuna ƙosawa ba. Wallahi wannan mutuntawar ba zan manta da ita ba.

Ku ne kuka gano cewa samuna ya yi ƙasa da ma'aunin da doka ta sa, don haka aka yafe mini dala 205 na shigar da fom 656, takardar neman shiga shirin, da kuma kashi 20 cikin ɗari na kuɗin da mutum ya yi tayin biya da ake fara ajiyewa. Jira ya yi tsawo, watanni da yawa, amma duk wasiƙar da ta zo kun amsa ta kafin wa'adi ya cika. A ƙarshe hukuma ta amince da adadin da bai kai rubu'in bashin ba, na biya cikin wata biyar.

Ban manta da sharaɗin da kuka nanata mini ba: shekara biyar a jere sai na cike takardun haraji na biya kan lokaci, in ba haka ba tsohon bashi ya dawo. Yanzu duk mako ina ware kason hukuma a asusu daban kafin in taɓa komai.

'Yan'uwa, wanda wasiƙar bashin haraji daga IRS ta iske shi, ya nemi ofishin da ake kira Low Income Taxpayer Clinic mafi kusa da shi. IRS na ba su tallafi, amma ba ma'aikatanta ba ne, kai suke wakilta. Ya tafi da duk wasiƙunsa, har waɗanda bai buɗe ba.

Allah ya saka muku da alheri, ya albarkaci iyalanku, ya ƙara muku lafiya da haƙurin jama'a.

Naku,
Wani direban tasi, Bronx