Kuɗina nake sharewa da tsintsiya

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ɗan Kafanchan ne, neman abinci ya kawo ni Legas, ina kwana a Agege ina kiwon aladu a Oke-Aro. Na san yawancin masu karanta jaridar nan ba sa ci ba sa kiwo, a yi mini haƙuri, masu kaji ma za su tsinci nasu a ciki.

Bara na yaye 'ya'yan alade 11 suna da sati 4. Saboda zumuɗin su yi ƙiba da wuri, na dinga labta musu waken suya da garin kifi. Ba a kwana uku ba zawo ya ɓarke, tsululu, ga wari mai yaji a ido in ka buɗe ɗakin da asuba. Biyu suka mutu. Ni kuwa ruwan rijiya nake ta zargi.

Likitar dabbobi ce ta kwance mini zani a kasuwa, gaban yarana. Ta ce ɗan da aka cire daga nono cikinsa bai yi ƙwari ba, ruwan tsamin tumbinsa kaɗan ne, ba ya iya narkar da furotin (sinadarin gina jiki) na tsiro mai yawa. Abin da ya gagari ƙaramin hanji sai ya gangara babban hanji, ƙwayoyin cuta su samu garaɓasa, su ruɓar da shi ya koma ammoniya mai warin nan mai yaji, irin su E. coli su yi ta hayayyafa. Hanjin ya sami lahani, sauran abincin ma ya wuce jiki bai tsotsa ba. Ashe kuɗina nake sharewa da tsintsiya kowace safiya.

Muka rage furotin daga kashi 23 cikin 100 zuwa 19, muka cike gurbin da laisin da metiyonin, wasu ƙananan sinadarai daga cikin waɗanda ke haɗuwa su zama furotin, waɗanda ake awonsu a shagunan abincin dabbobi na Oko-Oba. Dole a ƙara su, domin masara furotin ɗinta bai wuce kashi 8 zuwa 9 ba, kuma ita da tunkuzar gyaɗa duk suna da ƙarancin laisin. Cikin sati guda kashinsu ya ɗaure.

Sai batun waken suya. Ɗanyensa yana da sinadarin da ke hana narkar da furotin, dole a soya shi. In ya ƙone kuma laisin ɗin ya lalace. Wani mai injin niƙa ya taɓa sayar mini da wanda wuta ta ɗan lasa kawai. Tun daga ranar sai na tauna, in na ji gafi na bar masa kayansa.

Tarayyar Turai ta hana bai wa aladu sinadarin zinki mai yawa don tsayar da zawo tun 2022, mu nan da an ga zawo sai allura, ba mai leƙa buhun abinci. Don Allah, Malam Edita, a nemo mana masanan NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa da ke Shika, su yi bayanin haɗin abinci da Hausa, da mudu da kilo.

Naku,
Wani mai kiwo,
Agege, Legas.